Plumpy'Nut

Plumpy'Nut abincin jinya ne da ake ba yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 masu fama da tamowa mai tsanani. Likitan yara André Briend da Michel Lescanne na kamfanin Nutriset ne suka ƙirƙiro shi a Faransa a 1996. Ana haɗa shi da niƙaƙƙiyar gyaɗa, garin madara, sukari, mai da sinadaran bitamin. Kowace leda giram 92 ce, mai kalori 500.

Kafin samuwarsa, sai an kwantar da yaro a asibiti ana ba shi madarar F-75 da F-100, waɗanda ake damawa da ruwa mai tsabta, uwa kuma ta bar gida da sauran 'ya'yanta makonni. Plumpy'Nut kuwa ba ya buƙatar ruwa ko dafawa, ƙwayoyin cuta ba sa yaɗuwa a cikinsa, don haka uwa ke ba ɗanta a gida, tana kai shi awo duk mako. Yaron da kaurin damtsensa bai kai santimita 11.5 ba yana cikin waɗanda ake ba wa. Wanda ya kasa ci, ko mai wata cutar, asibiti za a kwantar da shi.

A yunwar Nijar ta 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi amfani da Plumpy'Nut ga dubban yara a Maraɗi. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da wannan tsari na jinya a gida.