Yaya ake auna fari a gonar da ba ta jiran ruwan sama?

Manomin damina ba ya buƙatar a gaya masa an shiga fari: ruwa ya ɗauke, ganyen gero ya naɗe, shuka ta yanƙwane. Amma a gonakin da ake yi wa ban-ruwa daga madatsu da rijiyoyin burtsatse, lamarin ya fi haka sarƙaƙiya.

Ana iya samun shekarar da ruwan sama ya yi ƙaranci, amma gonaki su kasance kore shar. Ana kuma iya yin damina mai albarka amfanin gona ya ƙone, saboda ruwan bai kai ƙarshen magudana ba.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa gonakin ban-ruwa ba su wuce kashi 20 cikin ɗari na filayen noman duniya ba, amma su ke samar da kimanin kashi 40 cikin ɗari na abinci. Don haka kuskure wajen auna farinsu ba ƙaramin kuskure ba ne.

Tsofaffin ma'aunai

A shekarar 1965 ne wani masanin yanayi ɗan Amurka, Wayne Palmer, ya fito da ma'aunin fari da ke ɗauke da sunansa. Ma'aunin yana haɗa yawan ruwan sama da zafin rana, ya ƙiyasta danshin da ya rage a ƙasa.

A 1993 kuma masana a jami'ar jihar Colorado suka fito da wani mai sauƙi da ake kira SPI, wanda ke kwatanta ruwan da aka samu a wata uku ko shida ko goma sha biyu da abin da aka saba samu a wurin. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ta ba ƙasashe shawarar amfani da shi.

Duka biyun sun dogara ne a kan zaton cewa abin da ya sauko daga sama shi shuka ke sha. Ba su san da madatsa ba, balle injin ban-ruwa ko ma'aikacin da ke buɗe ƙofar magudana ya rufe.

Darasi daga Kalifoniya

Babban kwarin da ke tsakiyar jihar Kalifoniya ta Amurka yana cikin wuraren da wannan giɓi ya fito fili. A can kusan ba a ruwa a watannin zafi da ake noma. Gonakin sun dogara ne da dusar ƙanƙarar da ke taruwa a kan tsaunukan Sierra Nevada lokacin sanyi, wadda ke narkewa ta cika madatsu.

Jihar ta yi fama da matsanancin fari daga 2012 zuwa 2016. Da aka auna dusar ƙanƙarar a farkon watan Afrilun 2015, kashi 5 cikin ɗari na abin da aka saba gani kawai aka tarar. A 2014 da 2015 manoma da dama ba su samu ko ɗigo ba daga magudanan gwamnatin tarayya.

Duk da haka akasarin gonakin ba su bushe ba, domin manoma sun koma ga rijiyoyi. Masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun ƙiyasta cewa a 2014 ruwan ƙarƙashin ƙasa ya maye gurbin kusan kashi uku cikin huɗu na ruwan da aka rasa.

Wanda ya kalli koren ganye kaɗai zai ce farin bai yi tsanani ba. Amma ya ɓulla ta wasu wuraren. A 2015 an bar eka fiye da dubu 500 babu shuka. Rijiyoyin gidaje marasa zurfi sun ƙafe a garuruwan talakawa irin su East Porterville. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta gano cewa a kusa da garin Corcoran ƙasa ta nutse da inci 13 cikin wata takwas, saboda yawan ruwan da aka zuƙe daga ƙarƙashinta.

A 2014 jihar ta kafa dokarta ta farko ta taƙaita ɗibar ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Me ake aunawa a yau?

Na farko shi ne buƙatar shuka. Ana lissafa yawan ruwan da rana da iska ke ɗauka daga ƙasa da ganye, ta hanyar da FAO ta daidaita a 1998, sannan a kwatanta da ruwan da ya isa gonar. Giɓin da ke tsakani shi ne ainihin farin manomi.

Na biyu shi ne zafin ganye. Shukar da ta ƙoshi da ruwa tana fitar da danshi, wanda ke sanyaya ganyenta. Idan ta fara jin ƙishi sai ta toshe ƙofofin ganyen, zafinsu ya tashi tun kafin ido ya ga alama. Taurarin ɗan adam irin su Landsat suna iya hango wannan zafi gona bayan gona. Da hotunan taurari ne FAO ta buɗe rumbun bayanai na WaPOR a 2017, domin Afirka da Gabas ta Tsakiya.

Na uku shi ne ruwan da ke ajiye: tsayin ruwa a madatsu, da gudun koguna, da zurfin rijiyoyi. Wannan ne ke nuna ko koren da ake gani na rance ne daga shekaru masu zuwa.

Auna ruwa daga sararin sama

A 2002 Amurka da Jamus suka harba tagwayen taurari masu suna GRACE, waɗanda ke bin juna da ratar kimanin kilomita 220. Idan suka ratsa yankin da nauyin ruwansa ya ƙaru ko ya ragu, ƙarfin jan ƙasa yakan sauya ratar da ɗan kaɗan, daga nan a lissafa ruwan. Sun yi aiki har 2017, aka harba magadansu a 2018.

Da su ne wani bincike da aka wallafa a 2009 ya nuna cewa jihohin Punjab da Haryana da Rajasthan na Indiya sun yi asarar kimanin lita tiriliyan 109 na ruwan ƙarƙashin ƙasa tsakanin 2002 da 2008, alhali ruwan sama bai gaza yadda aka saba ba. Ban-ruwan shinkafa da alkama ne babban dalili. Sai dai taurarin yanki mai faɗin gaske suke gani, ba sa bambanta gonar wani da ta wani.

A kogin Haɗeja

Irin wannan tambaya ta shafi arewacin Najeriya. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Ruwan Tiga ne ke raya noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, ko da damina ba ta yi kyau ba.

Amma madatsun sun rage ambaliyar da ke cika dausayin Haɗeja da Nguru duk shekara, wadda manoman fadama da masunta da makiyaya suka dogara da ita. Sakin ruwa a kowane lokaci kuma ya taimaka wa ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, wasu gonaki su nutse, wasu su bushe. Ragowar ruwan ne ke bin kogin Komadugu Yobe, inda manoman tattasai na jihar Diffa a Nijar ke jiransa.

Na'urar auna ruwan sama da ke Kano ba za ta nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Wannan ne ya sa masana ke ba da shawarar a riƙa auna kogi ɗungurungum, daga madatsa har zuwa gona ta ƙarshe. Da alƙaluman ne hukumomi ke yanke shawarar ranar sakin ruwa, da yankin da za a ayyana fari, da wanda zai samu agaji. Manomin da ma'aunin bai gan shi ba, da wuya agajin ya same shi.