Sifirin da Shokazoba: Tarihin Ɗaga Bayan A-kori-kura a Hanyar Sunkani

Sunkani, hedikwatar ƙaramar hukumar Ardo Kola, tana kudu da Jalingo a kan hanyar da ta nufi Garba Chede da Bali, wadda daga can take hawa zuwa Serti da tsaunin Mambila, kuma tun kafin a cire Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola ranar 27 ga Agusta 1991, arzikin yankin ya rataya ne a kan abin da aka iya fitarwa daga gona zuwa kasuwa, wato masara da shinkafa da dawa da gyaɗa da doya. A zamanin Turawa jakuna da 'yan dako ne suke kai amfanin ƙasar Muri zuwa Lau, a bakin Binuwai, inda jiragen ruwa suke kwasa idan kogi ya cika. Manyan motoci sun karɓi wannan aiki daga baya, amma ba su iya shiga ƙauye da damina, don haka motar da ta haɗa manomi da kasuwa ita ce ƙaramar nan mai buɗaɗɗen baya da Hausawa suka laƙaba wa suna a-kori-kura.

Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma a-kori-kura ƙirar 404, sannan 504, su ne suka cika tashoshin Arewa. An ƙera su ne domin ɗaukar kimanin tan guda, wato buhu goma na masara, lissafin da bai taɓa biyan direban da yake bin hanyar ƙauye sau ɗaya a mako, ranar kasuwa, ba. Da lodi ya ninka, ga buhuna ga fasinjoji a kansu, sai bayan mota ya zauna, gabanta ya ɗaga, fitila ta riƙa haska sama, sitiyari ya yi sakwa-sakwa saboda tayoyin gaba sun rage kama ƙasa. Daga wannan matsala ce wani reshe na kanikanci ya tsiro.

Abubuwa biyu ne suke tsakanin taya da jikin mota, kuma ana yawan rikita aikinsu. Sifirin, wanda a bayan a-kori-kura fallayen ƙarfe ne masu lanƙwasa da aka jera aka ɗaure a tsakiya, shi ne yake ɗauke da nauyi, shi ne kuma yake yanke tsayin mota daga ƙasa. Shokazoba kuwa bututu ne mai mai a ciki, da sanda mai tura man ta wasu ƙananan ƙofofi, kuma aikinsa shi ne kashe tsallen da sifirin yake yi bayan mota ta faɗa rami, domin taya ta zauna a ƙasa. Shokazoba na yau da kullum ba ya ɗaga mota, komai sabuntarsa. Masu ƙera a-kori-kura da gangan suke barin bayanta ya fi gaba tsayi idan babu kaya, domin ta daidaita idan an yi lodi.

Kanikawan Jalingo, kamar takwarorinsu na Yola da Kano, sun fahimci rabin farko na wannan bayani sarai. Sukan kwance sifirin su ƙara falle ɗaya ko biyu da aka ciro daga wata mota, ko su kai wa maƙeri fallayen da suka miƙe ya dake su da guduma har lanƙwasarsu ta dawo, aikin da ya sada tsohuwar sana'ar ƙira da sabuwar sana'ar gareji, kuma ya cancanci yabo fiye da wanda ake yi masa. Sana'ar ta ƙara ƙarfi bayan 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta karya darajar naira, sabbin kayan gyara suka gagari talaka, aka koma ga na hannu da ake kira Beljiyom da waɗanda 'yan kasuwar Nnewi suke kawowa. Rabi na biyu, wato na shokazoba, shi ne aka yi sakaci da shi. Sifirin da ya karye yana iya tsayar da mota nan take, amma mota mai mataccen shokazoba tana ci gaba da tafiya tana kawo kuɗi, shi ya sa mai ita yake ɗage sayensa daga wannan kaka zuwa waccan. Kuma idan aka ɗaga bayan mota aka bar mata shokazoba mai tsayin asali, yana miƙewa har ƙarshensa a kowane rami, sai ya yi yoyo ko ya tsinke kunnen da aka ɗaure shi.

Zaman Jalingo babban birnin jiha ya kawo wata irin a-kori-kura, wato Hilux, wadda Toyota ta fara ƙerawa a 1968, da ma'aikatu da 'yan kwangila da jami'an tsaro suka runguma. Da yawa daga cikinsu a kan kwalta suke yini babu kaya, don haka abin da ya dami masu su shi ne gaba ya yi ƙasa, damuwar da ta zama babbar kasuwa a Amurka, inda ake sayar da kayan ɗaga gaban mota galibi domin kyan gani. A wasu tsofaffin Hilux gaba yana zaune ne a kan sandar ƙarfe mai murɗuwa, wadda ake ɗaure notinta gaban ya tashi, amma ƙirar da ta fito wajen 2005 ta koma ga sifirin mai naɗi da shokazoba a cikinsa, inda ba a samun ƙarin tsayi sai an sa mazauni ko an sauya kayan gaba ɗaya. Kowace dabara aka bi, tana iya rage tazarar da taya take da ita ta sauka, tana kuma sauya zaman tayoyin gaba, wanda dole a sake saita shi.

Kwalta ce ta mayar da tsohon sakacin nan da shokazoba haɗari. A hanyar burji rami ne yake hana gudu, amma a shimfiɗaɗɗen titi tsakanin Jalingo da Sunkani motar da aka taurara bayanta, idan ta dawo daga kasuwa babu kaya, tayoyinta na baya tsalle suke yi, birki ya ƙi kamawa da wuri, baya ya zame a kwana. Hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988 ta fi sa ido ga yawan lodi da taya da fitila, abubuwan da ake gani daga bakin hanya, shokazoba kuwa yana ƙarƙashin mota. Ƙwararrun kanikawa sukan danna kusurwar mota su saki, idan ta yi lilo fiye da sau ɗaya ko biyu sun san ya mutu, sukan auna tsayin shokazoban da ake bukata bayan an gama aikin sifirin, kuma ba sa yarda su sauya na hagu su bar na dama.