Ƙananan tsuntsayen tsakar gida a ƙasar Agiye: yadda ake bambanta su

A garuruwan Agiye, Gazawa da Gidan Runji na jihar Maradi ba a saba kafa wa tsuntsayen daji wurin cin abinci ba. Gindin turmi, wurin sussuka da shiƙa, ƙarƙashin rumbu da kaskon ruwan kaji su ne matattararsu. Yawancin masu sauka nan masu cin tsaba ne, tsawonsu santimita 10 zuwa 15, kuma sun yi kama da juna har akan tara su a suna ɗaya. Da damina abin da sauƙi, domin mazan suna cikin adon aure. Da rani adon yakan zube, sai a koma duban baki, baya, tushen wutsiya da yanayin tafiya.

Mafi yawan ruɗani yana tsakanin jan baki (Quelea quelea) da baiwar Allah (Lagonosticta senegala), saboda dukansu bakinsu ja ne. Jan baki ya fi kauri, bakinsa ƙato, bayansa ratsi-ratsi ruwan ƙasa, da farar gira a saman ido. Namijin yakan yi baƙar fuska lokacin kiwon ƴaƴa, bakin macen kuma ya koma rawaya. Da wuya a gan shi shi kaɗai. Tari yake zuwa, ya tashi gaba ɗaya, kuma shi ne mai faɗa wa gero da dawa tun zangarniya tana ɗanya. An ƙiyasta yawansa a Afirka da kimanin biliyan 1.5, abin da ya sa ake ɗaukarsa tsuntsun dajin da ya fi kowane yawa a duniya.

Baiwar Allah ba ta wuce santimita 10, kuma bayanta sumul yake ba ratsi. Namijin ja ne, da siririn zobe rawaya kewaye da ido, da ƴan fararen ɗigo a gefen ƙirji. Macen ruwan ƙasa ce, jan yana tushen wutsiya da ɗan tabo a gaban ido. Biyu-biyu ko ƴan kaɗan suke yawo, suna tsintar tsaki da tsabar ciyawa a ƙasa, har kusa da ƙafar mai daka. Sheƙarta a jinka ko ramin katanga take. Ɗora mata laifin ɓarnar gona rashin adalci ne, abin da ya zube take ci.

Inda take, akan ga wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi, farin baki, ƙafafu ja-ja (Vidua chalybeata). Ba ya saƙa sheƙa. Macensa, mai ratsi kamar jan baki, a sheƙar baiwar Allah take zuba ƙwai, a rene mata tare da ƴaƴan gida. Namijin ma kukan mai riƙon nasa yake kwaikwaya.

Mulufi (Euplectes franciscanus) ba ya ɓuya da damina: ja da baƙi ne, yana kumbura gashi a kan karan dawa, musamman a fadamun Gulbin Maradi. Da rani shi da macensa sukan zama masu ratsi, sai bakinsu da ba ja ba ya raba su da jan baki. Gwara (Passer griseus) ta fi su girma, kanta toka-toka, bayanta ja-ja, mace da namiji iri ɗaya. Danginta na Sahel, Passer luteus, namijinsa rawaya ne a kai da ciki, kuma shi ma yakan yi wa gero ɓarna sosai idan ya taru.

Kanari iri biyu ne. Crithagra mozambica cikinsa rawaya, fuskarsa da baƙin zane. Crithagra leucopygia toka-toka ne, ba a lura da shi sai ya tashi farin tushen wutsiyarsa ya bayyana, amma masu keji suna nemansa saboda daɗin kukansa. Akan rikita shi da Euodice cantans, wanda bakinsa ruwan azurfa ne, wutsiyarsa baƙa mai tsini. Asisi (Uraeginthus bengalus) shuɗi ne a fuska da ƙirji, kuma namijin kaɗai ke da jan tabo a kunci.