Masuntan Budj Bim da Magudanansu na Dutse

A kudancin Ostareliya, cikin jihar Biktoriya, akwai wani dutse da ake kira Budj Bim. Fiye da shekara 30,000 da suka wuce dutsen nan ya yi aman wuta, narkakken dutse ya malale, ya daskare, ya bar tafkuna da fadamu. Nan ne ƙasar Gunditjmara, ɗaya daga cikin kabilun asali na ƙasar.

Abincinsu wani dogon kifi ne mai santsi, mai kama da gaiwa, suna ce masa kuyang. A teku ake haifarsa, ya hauro koguna yana ƙarami, in ya girma ya koma. Mutanen nan suka lura da tafiyarsa. Suka fasa dutse suka yi magudanai, suka jera duwatsu suka tare ruwa, suna kora ƙananan kifi cikin kududdufai su yi ƙiba. Sa'ad da manya suka tashi komawa teku, sai a kafa dogayen gura na saƙar ciyawa a bakin mashigi. A kama na ci, saura su wuce su hayayyafa. Masana sun auna wata magudana, suka tarar ta kai shekara 6,600.

Turawa suka iso a shekarun 1830 da garkunan tumaki. Aka yi yaƙi, aka kashe mutane da yawa, aka ƙwace ƙasa. A 1867 Ikkilisiyar Anglikan ta buɗe mishan kusa da Tafkin Kondah, aka tattara waɗanda suka ragu. An koya musu karatu da waƙoƙin sujada, amma an hana su harshensu da al'adun kakanninsu, abin da bishara ba ta taɓa bukata ba. Wata mace, Connie Hart, uwarta ta ƙi koya mata saƙa, sai ta riƙa leƙenta a ɓoye. Da ta tsufa, a shekarun 1980, ita ce ta koya wa na baya.

A 1954 aka haƙa lambatu aka janye ruwan tafkin. Gunditjmara ba su daina nema ba har aka mayar musu da shi a 2008, aka gina madatsa a 2010, ruwa ya sāke bin tsofaffin magudanan. A 2019 UNESCO ta sa wurin cikin kayan gādon duniya. Yanzu malamai sukan kawo 'yan makaranta, jikokin masuntan su zaga da su, su nuna musu inda ake kafa gura.