Lissafi da bairas masu kashe ciwon daji

Akwai bairas da masana ke sauya wa halitta don su shiga ƙwayoyin ciwon daji, su hayayyafa a ciki har su fasa su. Sin ta amince da H101 a 2005. Amurka ta amince da T-VEC a 2015 don kansar fata ta melanoma. Daga bairas mai sa ƙurajen leɓe aka samo shi, kuma a cikin ƙarin ake yin allurarsa.

Wahalar ita ce, wannan magani yana ƙaruwa a jiki bayan an ba da shi, don haka ba a auna shi kamar ƙwayar magani. Nan lissafi ke shigowa. Ana sa wa kwamfuta adadin ƙwayoyin ƙari da ba su kamu ba, waɗanda suka kamu, yawan bairas da ƙarfin garkuwar jiki, a ga yadda za su kaya cikin makonni. Aikin Dominik Wodarz na 2001 ya nuna abin mamaki: bairas mai saurin kisa na iya ƙarewa kafin ya game ƙarin. Garkuwar jiki ma fuska biyu gare ta, tana iya share bairas da wuri, tana kuma iya farkawa ta far wa kansar.

Lissafin jagora ne ga masu bincike kan adadi da tazarar allura. Ba ya faɗa wa majiyyaci ko zai warke. T-VEC kan kawo zazzaɓi, sanyi da kasala. Ba a yi wa mai juna biyu ko mai raunin garkuwar jiki.