Rinin da ya ƙi shiga ƙwaƙwalwa

A shekarar 1885 wani likita Bajamushe, Paul Ehrlich, ya yi wa dabbobin gwaji allurar rini ta jijiya. Da ya feɗe su sai ya tarar hanta ta rine, ƙoda ta rine, amma ƙwaƙwalwa tana nan fara, kamar zanen da aka tsoma a karofi aka fito da shi bai kama ba. Shi a ganinsa naman ƙwaƙwalwa ne ba ya shan rini. Almajirinsa Edwin Goldmann ya juya gwajin a 1913: ya zuba shuɗin rini a cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka. Nan take ƙwaƙwalwa ta yi shuɗi, sauran jiki kuwa ko ɗigo. Ashe akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa. Rinin nan ma yana da alaƙa da mu, domin irinsa aka haɗa wajen neman maganin ƙwayar ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, ƙwayar da sai ta ƙetare wannan shinge barcin majiyyaci yake rikicewa.

Lina Stern ta raɗa wa shingen suna a Jeniba a 1921, amma babu wanda ya gan shi da ido sai a 1967, lokacin da Thomas Reese da Morris Karnovsky suka duba da madubin lantarki. Ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa a ɗinke suke da juna, ɗinkin da ba ya barin kafa. Sukari yana da ƙofarsa ta musamman, yawancin magunguna kuwa a waje suke tsayawa. Babban zaren ɗinkin wani furotin ne, kilawdin-5, wanda masana a Japan suka gano a ƙarshen shekarun 1990.

To ina ruwan wannan da ciwon damuwa? Likitoci sun daɗe da wata tambaya. A da, masu ciwon hanta nau'in C da ake yi wa allurar intaferon, maganin da ke tayar da garkuwar jiki, kusan ɗaya cikin uku sukan faɗa cikin damuwa mai tsanani. A jinin masu ciwon damuwa da dama kuma ana samun sinadaran kumburi sun yi yawa. In dai ƙwaƙwalwa a killace take, ta ina saƙon yake shiga?

A 2017 Caroline Ménard da Scott Russo, a asibitin Mount Sinai na birnin Niyu Yok, suka riƙa haɗa ƙaramin ɓera da ƙato mai cin zali har kwana 10. Waɗansu ɓerayen suka jure. Waɗansu suka karaya, suka daina kusantar 'yan'uwansu, kuma a cikin waɗannan ne aka ga kilawdin-5 ya ragu a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da marmari da jin daɗi. Ɗinkin ya saki, sinadarin kumburi IL-6 ya samu hanya. Irin wannan raguwa aka gani a ƙwaƙwalwar mutanen da suka rasu suna fama da ciwon. A 2022 ɗakin binciken Ménard a jami'ar Laval ta Kanada ya nuna cewa a jinsin mata ɓarakar a sashen goshi take fitowa. Wannan binciken yakan tsaya mini a rai duk lokacin da na ji ana ce wa mai ciwon nan ya cire damuwa a ransa, ko ana zarginsa da ƙarancin tawakkali. Wulaƙancin yau da gobe yana iya kwance ɗinki a jijiya, mutum kuwa ba shi da ikon ɗinke jijiyarsa da niyya.

Saura ganin abin a jikin mai rai. A nan aka koma dabarar Ehrlich, sai dai rinin yanzu gadoliniyam ne, idon kuma na'urar MRI. Ana yin allurar, a yi ta ɗaukar hoto, a auna inda ya tsiyaya. A Toronto a 2015 an bi ta wata hanyar, hoton PET, aka ga alamar kumburi ta haura da kusan kashi 30 cikin ɗari a ƙwaƙwalwar masu cikin tsananin damuwa. A jami'ar Dalhousie da ke Halifax kuma, a 2020, aka ɗauki hoton MRI da gadoliniyam na mutum 36 masu ciwon da ke kai da kawo tsakanin zumuɗi da damuwa. Goma daga cikinsu shingensu yana yoyo sosai, su ne damuwarsu ta fi tsanani, kuma dukansu jikinsu ba ya amsa insulin yadda ya kamata. Sauran 26 hotonsu bai bambanta da na masu lafiya ba. Shi ya sa har yau likita ba ya gane ciwon damuwa da hoto, sai ya zauna da majiyyaci ya tambaye shi barcinsa, cin abincinsa, da abin da ke cikin zuciyarsa.