Bazarar 2003: Shekarar da Real Madrid Ta Sayi Beckham Ta Sayar da Makélélé

A daren Lahadi 22 ga watan Yunin 2003, Real Madrid ta doke Athletic Bilbao da ci 3-1 a filin Santiago Bernabéu, ta ɗauki kofin La Liga karo na 29. Washegari hukumar ƙungiyar ta sanar cewa ba za ta sabunta kwantiragin koci Vicente del Bosque ba, haka ma na kyaftin Fernando Hierro, wanda ya shafe shekara 14 yana taka mata leda. Kafin a rufe kasuwar 'yan wasa, Claude Makélélé ya koma Chelsea, an ba Monaco aron Fernando Morientes, Steve McManaman ya tafi Manchester City. Babban ɗan wasa guda ɗaya aka kawo, wato David Beckham. Daga nan sai da ƙungiyar ta yi shekara huɗu kafin ta sake ɗaukar babban kofi.

Har yau, in gardama ta kaure a gidan kallon ƙwallo tsakanin magoya bayan Madrid da na Chelsea, da wuya a tashi ba a tabo wannan ciniki ba, kuma hukuncin da ake yankewa ɗaya ne: Florentino Pérez ya tafka kuskure. To amma da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Wanda ya riga ya ga sakamako ba ya shan wahalar yin hukunci. Adalci shi ne a koma watan Agustan 2003, a ga abin da shugabannin ƙungiyar suka sani a lokacin, da zaɓin da ke gabansu, sannan a ware abin da sakaci ya jawo daga abin da rashin sa'a ya kawo.

Lissafin Pérez

Pérez ɗan kasuwa ne, shugaban kamfanin gine-gine na ACS. Ya ci zaɓen shugabancin ƙungiyar a shekarar 2000 bisa alkawarin ɗauko Luís Figo daga Barcelona, kuma ya cika. A 2001 ya kawo Zinedine Zidane daga Juventus, a 2002 ya kawo Ronaldo na Brazil daga Inter Milan. Ya tarar da ƙungiyar cikin bashi mai nauyi, ya biya shi da kuɗin tsohon filin atisaye da aka sayar a 2001.

Tunaninsa a fili yake. A ganinsa tauraro mafi tsada shi ne mafi arha, domin shi ke sayar da riguna, ya jawo masu talla, ya cika filaye a wasannin sada zumunci, kuma ƙungiyar tana karɓar rabin abin da taurarin ke samu daga tallan hotonsu. Sauran guraben kuwa sai a cike su da yaran da aka rena a makarantar ƙungiyar, waɗanda albashinsu bai taka kara ya karya ba. Aka raɗa wa tsarin suna "Zidanes y Pavones", wato su Zidane da su Pavón, don Francisco Pavón matashi ne mai tsaron baya da ya taso a gidan. A wannan tsari babu mazaunin ɗan wasa na tsaka-tsaki: gogagge, mai tsada, amma wanda ba ya sayar da riga.

Ya zuwa 2003 babu mai iya cewa tsarin bai yi aiki ba. An ci La Liga a 2001 da 2003, an ci kofin Zakarun Turai a 2002 a birnin Glasgow, da ƙwallon nan ta Zidane a ragar Bayer Leverkusen. Beckham, wanda aka saya daga Manchester United kan kusan yuro miliyan 35, shi ne ci gaban lissafin. Da isowarsa ƙungiyar ta zarce yawon wasanni a Sin da Japan da Hong Kong da Thailand.

Aikin da ba ya fitowa a hoto

An haifi Makélélé a Kinshasa a 1973, ya girma a Faransa, ya zo Madrid daga Celta Vigo a shekarar 2000. Aikinsa shi ne tsayawa gaban masu tsaron baya. In Roberto Carlos ya hau gaba ta hagu, Zidane ya shigo tsakiya, Figo ya manne a dama, Raúl da Ronaldo suna can bakin raga, to duk filin da suka bari a baya shi ke rufe shi. Ya ƙwace ƙwallo, ya miƙa wa na kusa da shi, ya koma mazauninsa. 'Yancin da taurarin suke da shi na ƙin dawowa tsaro, guminsa ne ke biyan kuɗinsa.

Albashinsa bai kama ƙafar nasu ba. A bazarar 2003 ya nemi ƙari, aka hana shi, rikici ya kai ya ƙaurace wa atisaye. A daidai lokacin Roman Abramovich ya sayi Chelsea yana ta kashe kuɗi, sai aka sayar masa da shi kan kusan fam miliyan 16. An ruwaito Pérez yana cewa ba za a yi kewarsa ba, don galibin ƙwallayen da yake bayarwa baya ko gefe suke nufa. Akwai kuma maganar da ake jingina wa Zidane, cewa mene ne amfanin ƙara wa mota fentin zinariya alhali an cire mata inji.

Shin akwai alamar da ta nuna muhimmancinsa tun kafin ya tafi? Akwai, kuma ba ta daɗe da faruwa ba. A watan Mayun 2003, a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Zakarun Turai, Madrid ta ci Juventus 2-1 a gida. A karawa ta biyu a Turin, Makélélé bai buga ba saboda rauni, sai Pavel Nedvěd da Alessandro Del Piero suka yi ta ratsa tsakiyar Madrid yadda suka ga dama, aka tashi 3-1. Shugabannin ƙungiyar sun ga wannan wasa da idonsu wata uku kacal kafin cinikin.

Daga Agusta zuwa Maris

Abin da masu hukuncin baya suke yawan tsallakewa shi ne, kusan wata bakwai komai yana tafiya daidai. Carlos Queiroz, mataimakin Alex Ferguson da aka ɗauko ya gaji del Bosque, ya ci Supercopa a watan Agusta. Tun da gurbin dama na Figo ne, sai ya mayar da Beckham tsakiya tare da Guti, ya kuma sa Raúl Bravo, wanda ɗan gefen hagu ne, ya tsare tsakiyar baya tare da Iván Helguera. Beckham ya ba maraɗa kunya, ya yi gudu ya yi aiki fiye da yadda aka zata. A farkon Maris na 2004 Madrid tana saman teburi da tazarar maki takwas, ta kai wasan ƙarshe na Copa del Rey, tana kuma cikin gasar Zakarun Turai. Ana ta maganar kofi uku.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ranar 17 ga Maris, Real Zaragoza ta doke ta 3-2 bayan ƙarin lokaci a wasan ƙarshe na Copa del Rey. A cikin masu tsaron bayan Zaragoza akwai Gabriel Milito ɗan Ajantina, wanda Madrid ta daidaita sayensa a bazarar, sannan ta fasa bayan likitocinta sun nuna shakku kan gwiwarsa.

Sai Monaco, a wasan daf da na kusa da ƙarshe. Madrid ta ci 4-2 a gida, ɗaya daga ƙwallayen baƙin kuwa Morientes ne ya ci. A karawa ta biyu Beckham yana cikin dakatarwa. Raúl ya fara ci, jimilla ta koma 5-2. Daga nan Ludovic Giuly ya ci biyu, Morientes ya ƙara ɗaya da ka, aka fitar da Madrid bisa dokar ƙwallon waje. Ɗan wasan da ta bayar aro shi ya gama gasar a matsayin wanda ya fi kowa ci, da ƙwallo tara.

A La Liga ta sha kashi a wasanni biyar na ƙarshe a jere, ciki har da wanda Samuel Eto'o ɗan Kamaru, wanda ita ma tana da rabon mallakarsa, ya ci mata biyu a Bernabéu cikin rigar Mallorca. Ta ƙare ta huɗu da maki 70, Valencia ta ɗauki kofi da 77. Ƙwallayen da aka zura mata sun tashi daga 42 a kakar da ta gabata zuwa 54, waɗanda ta ci kuma suka sauka daga 86 zuwa 72.

Hukunci, ɗaya bayan ɗaya

Sayen Beckham ya fi sauƙin karewa. A fili ya yi abin da aka sa shi. A aljihu kuma lissafin ya fita: a rahoton kamfanin Deloitte na kakar 2004/05, Madrid ta ture Manchester United ta zama ƙungiyar da ta fi kowace samun kuɗi a duniya. Illarsa ɗaya ce, ya zo gurbin da ba a bukata.

Fasa sayen Milito shawara ce da aka yanke bisa maganar likitoci, kuma daga baya, a 2008, ya ji mummunan rauni a gwiwa yana Barcelona. Amma kafin nan ya yi kaka huɗu yana buga wa Zaragoza. Laifin Madrid a nan shi ne ta sallami Hierro, ta fasa Milito, sannan ba ta nemi kowa ba.

Haka abin yake ga Makélélé. Karɓar fam miliyan 16 kan ɗan shekara 30 ba wauta ba ce a ƙa'idar kasuwa. Wautar ita ce a bazara ɗaya aka rabu da shi, aka sayar da Geremi ga Chelsea, aka ba Borussia Dortmund aron Flávio Conceição, ba a sayo ko mutum ɗaya mai irin aikinsu ba. Esteban Cambiasso da ya rage bai samu cikakkiyar dama ba, ya tafi Inter kyauta a 2004. Wannan giɓi ba ya bukatar a jira Maris kafin a gan shi, yana nan a takardar sunayen 'yan wasa tun ranar da aka rufe kasuwa. Sha ɗaya na farko sun isa su doke kowa, benci kuwa yara ne, shi ya sa aka yi ta buga mutane iri ɗaya har gajiya ta kama su a lokacin da ake rabon kofuna.

Rashin sa'a ma yana da nasa kason. Ƙwallo ɗaya a Monaco ko a wasan Zaragoza da ta canza yadda ake ba da labarin. Sai dai ƙungiyar da ta shiga kaka ba ta da madadi a gurabe biyu mafi nauyi, ita ta ba rashin sa'ar ƙofar shiga.

Sallamar del Bosque ta fi wuyar samun uzuri. Mutumin da ya ci kofin Zakarun Turai biyu da La Liga biyu cikin ƙasa da shekara huɗu, aka ce ana son salo na zamani. Gwanintarsa ita ce zaunar da manyan mutane a ɗaki ɗaya ba tare da rigima ba, wanda shi ma aiki ne da ba ya fitowa a hoto. Bayansa aka yi Queiroz, José Antonio Camacho, Mariano García Remón, Vanderlei Luxemburgo da Juan Ramón López Caro cikin kaka uku. Shi kuwa ya je ya ci wa Sifaniya kofin duniya a 2010 da na Turai a 2012.

Abin da ya biyo baya

Abokan hamayya ne suka fara nuna darasin. Barcelona, wadda ta rasa Beckham ta sayi Ronaldinho a wannan bazarar, ta yi ta tangal-tangal har sai da ta aro Edgar Davids daga Juventus a Janairun 2004, sannan ta farfaɗo ta ƙare ta biyu, sama da Madrid. A Landan, José Mourinho ya gina tsakiyar Chelsea a kan Makélélé, suka ci gasar Firimiya ta 2004/05 da maki 95, ƙwallo 15 kacal aka zura musu, kofin lig na farko cikin shekara 50. Har Turawan Ingila suka raɗa wa gurbin sunansa.

Madrid kuwa ta yi ta laluben wanda zai gaje shi: Thomas Gravesen da Pablo García a 2005, Emerson da Mahamadou Diarra ɗan Mali a 2006. Pérez ya yi murabus a watan Fabrairun 2006. Kofin La Liga ya dawo a 2007 a hannun Fabio Capello, da Diarra a tsakiya, a kakar Beckham ta ƙarshe. A Turai kuma, daga 2005 zuwa 2010, sau shida a jere ana fitar da ita a zagayen 'yan 16.

Da Pérez ya dawo mulki a 2009 bai sauya hali ba wajen son taurari, domin ya sayo Cristiano Ronaldo da Kaká da Karim Benzema. Amma a wannan bazarar ya haɗa da Xabi Alonso daga Liverpool. Kofunan Zakarun Turai uku da aka ci a jere daga 2016 zuwa 2018 kuwa, Casemiro ne ke tsaye gaban masu tsaron baya a dukkan wasannin ƙarshen, kuma kocin da ya kafe a kan sai an sa shi shi ne Zidane, mutumin da ya yi kaka biyu yana cin moriyar gumin Makélélé, ya kuma yi uku yana ganin abin da rashinsa ya jawo.